Sunan da Inna Dije Ta Ƙi Faɗa

Wata yarinya 'yar jami'a ta taɓa tare ni a harabar masallaci a Lanham, ta ce, "Anti, wai da gaske aikinki ke nan, cika wa tsofaffi fom? Ai wannan a waya ma sai in gama shi kafin shayi ya huce." Na dube ta, na dubi wayar, na ce Allah ya ja kwanan mahaifiyarki. Ba ta gane abin da nake nufi ba. Don ita da ire-irenta nake wannan rubutu, ku da kuke shirin ɗauko iyayenku daga gida, kuna ganin wahalar duk a wajen biza take.

Shekara goma sha bakwai na yi ina bin takardun tsofaffi a wannan yanki, ina yi musu tafinta a ofisoshi. A nan mutum zai karya kumallo a Maryland, ya yi aiki a Washington, da yamma ya leƙa barka a Virginia, bai ji ya ƙetare komai ba sai gada. Mu a ganinmu gari ɗaya ne. A wajen doka kuwa ƙasa uku ce, kowacce da fom ɗinta, da layinta, da abin da take kira tsoho mabukaci. Akwai titin da idan tsohuwa ta kwana a hannun dama wata doka ce a kanta, idan ta tsallaka hannun hagu wata ce daban, alhali motar shara ɗaya suke ji da safe.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙar jaka ce mai taya, a ciki da fayil uku: ja na Maryland, kore na Washington, shuɗi na Virginia, kuma ban taɓa yarda takardar wannan ta kwana a cikin wancan ba. Sai na'urar faks da na saya ta hannu, wadda 'ya'yana suka yi ta yi mini dariya a kanta har suka bar gida. Su yi ta yi. Takardar shaidar nan da take tofowa bayan an aika saƙo ta ceci tsofaffin da ba zan iya lissafawa ba, ranar da ofis ya ce bai ga komai ba. Sai littafi, inda nake rubuta sunan duk ma'aikacin da ya ɗauki wayata da ƙarfe nawa ne. Sai kujera mai naɗewa da ƙullin dabino, saboda akwai shekarun da a Washington sai tsoho ya je da ƙafarsa duk wata shida ya tsaya a layi, in ba haka ba katin asibitinsa ya mutu.

Ba da takarda na fara ba, da soso da tawul na fara. Da na zo ƙasar nan aikin kula da tsofaffi a gidajensu na samu, kuma ko shi ɗin sai da na bi takardar shaida ta kowace jiha daban, kamar bayan tsohon Virginia ba irin na tsohon Maryland ba ne. Wadda ta koya mini aiki Anti Memuna ce, Bahaushiyar zangon Kumasi, mace mai faɗa kamar me. Ita ta lura ina karanta wasiƙun da ke zuwa gidajen da muke aiki, ta fara tafiya da ni ofisoshi. Ranar farko na tambayi wani mutum me ke damun mahaifinsa, sai ta buge mini hannu. "Ke likita ce? Ki tambaya a ina yake kwana." Dokarta guda biyu ce: ki san inda tsoho yake kwana, kuma duk wasiƙar da ta shafe shi ta je ƙofar da yake kwana. Ta fi maimaita mini ta biyun, kuma ita ce na karya.

Masu zuwa wurina yawanci direbobi ne, da masu gadi, da ma'aikatan jinya, wani lokaci har 'yan gidan rediyo da Turancinsu ya fi nawa sau goma. Duk kuka ɗaya suke zuwa da shi. Sun kawo uwa ko uba, an ba da katin zama, sai suka tarar dole a jira shekara biyar kafin gwamnati ta dubi lafiyar tsohon. Wanda ke Virginia nasa ya fi ɗaci, don a zamanin can ko shekara biyar ta cika sai an tambaya ko tsohon ya yi aikin kusan shekara goma a ƙasar. Tsohuwar da ta sauka daga jirgi da sanda, wane aiki? A Maryland kuma ana samun katin, amma babban taimakon, wanda za a turo mai kula ta wuni da tsoho a gidan ɗansa, yana da layin da ake shekaru a kai. Na sha ganin mutum ya tashi daga gida mai kyau ya koma matsattsen ɗaki a ƙetaren titi don kawai adireshin mahaifiyarsa ya canja jiha.

Inna Dije mutumiyar Katsina ce. Ɗanta na fari, Malam Bashir, direba ne a Laurel ta Maryland, shi ya kawo ta, kuma a gidansa take. Autarta Zulai tana aure a Virginia. Tsohuwar tana da ciwon suga, kuma shanyewar jiki ta taɓa ɓarinta na hagu, hannun ba ya riƙe ko kofi. Amma baki ras, ido ras. Ranar da na fara zuwa ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke ce mai takardun? To ki faɗa masu ni ba ni zuwa gidan nan da ake tara tsofaffi. A ɗakin nan nike so Allah ya ɗauke ni." Malam Bashir yana tsugune a bakin ƙofa, ya ce in Allah ya yarda ba za ta je ba. Abin da aka kira ni a kai ke nan: a samo mai kula, don tsohuwa ta zauna a ɗakinta.

Shekara biyar ɗinta ta cika, muka je ofishin gunduma mu uku. Na shirya komai a jan fayil, har takardar wutar lantarki mai nuna adireshin Laurel. Ma'aikaciyar mace ce mai kirki, ta bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa, har ta zo kan wakili. Wakili shi ne wanda za a riƙa aika wa wasiƙu, a kira shi a waya, ya yi magana da yawun tsoho. Ta ce tana so ta ji sunan daga bakin mai neman, don kada a ce 'ya'ya ne suka zaɓa mata.

Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani. A wurinmu uwa irin ta dā ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma ita ce mutuncinta. Inna Dije "mutumin nan" take ce wa Malam Bashir, in ta matsu ta ce "mai gidan Maryam". Mutum ya doshi hamsin, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Na fassara mata tambayar. Ta dubi ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Ki ce mata Zulai."

Na rage murya na ce, "Inna, Zulai fa tana Virginia. Ga wanda kike gidansa."

"Haba ɗiyata. A gaban mutane? Ki ce mata Zulai."

Na dubi Malam Bashir. Kansa na sunkuye, yana murza hularsa a hannu. Ya ce, "Hajiya, a bar yadda ta ce."

Tafinta ba ya sa wa mutum magana a baki, wannan gaskiya ne, kuma da shi na daɗe ina kare kaina. Amma ba shi ya hana ni ba. Ni ma ina da ɗan fari, ni ma ba na faɗar sunansa, sai na ji nauyin matsa wa tsohuwa a gaban baƙuwar fuska. Na faɗi sunan Zulai, aka rubuta adireshin Virginia a gurbin wakili. Na ce a raina daga baya na gyara. Katin asibiti ya fito, aka sa sunanta a layin masu jiran mai kula, kowa ya yi murna, ni kuma wasu tsofaffin suka ɗauke mini hankali.

Shekara huɗu aka yi ana jira. A shekarun nan Maryam, matar Malam Bashir, ita ce komai. Tana aiki a wani babban rumbun kaya, ta rage kwanakinta ta koma Asabar da Lahadi kawai, ranakun da mijinta zai ajiye mota ya zauna a gida. Ko ya zauna ɗin ma abinci da magani ne nasa, don Inna ba za ta yarda ya kama ta zuwa banɗaki ba, gara ta matse har Maryam ta dawo. Ita ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, ita ke duba ƙafafunta saboda suga, har bayanta ya fara ciwo tana ɗaure shi da ɗankwali. Ni kuma duk wata shida sai na buga waya na tabbatar sunan yana nan, na rubuta a littafi. Zulai ma ba ta yi sakaci ba, duk wasiƙar da ta zo sai ta kira ni ta karanta mini.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo, kuma da abin farin ciki ta fara. Zulai ta haihu bayan shekara tara da aure. Inna ta ce ko a ɗauke ta a kai ne sai ta je jego. Hannunta ba ya ɗaga tukunya, amma wa zai tsaya a kan kunun kanwa, wa zai ga ruwan wanka ya yi zafin da ya kamata? Har busasshen ganyen darbejiya ta sa aka nemo a shagon 'yan Afirka. Malam Bashir ya tambaye ni, na ce ziyara ba laifi ba ce, ta je ta yi arba'in ta dawo, kada dai a canja adireshi a ko'ina. Shi na yi wa wannan gargaɗi. Ban kira Zulai ba, alhali ita ce wayar ofis za ta nema.

Inna na da kwana ashirin a can layi ya iso kanta. Nas ta kira wakiliya don a sa ranar da za ta zo ta duba tsohuwa a gida. Daga baya Zulai ta ba ni labari tana kuka. "Anti, ta ce a ina Inna take, na ce tana wurina. Ta ce ziyara ta zo ko zama? Anti, tana zaune a gabana fa da jaririn a cinya. Yaya zan buɗe baki in ce uwata baƙuwa ce a gidana? Na ce nan gidanta ne, nan take zaune." Na ce ai Inna ba ta jin Turanci. Ta ce, "Ko ba ta ji, bakina ba zai iya ba." Ta ba da adireshi, ta yi godiya, ta zauna jiran nas ta zo Virginia.

Nas ɗin Maryland ba ta ƙetare gada. Abin da aka rubuta shi ne mai nema ta bar jiha. Aka aiko da wasiƙar rufe fayil gidan Zulai, da wa'adin ɗaukaka ƙara a jikinta. A makon ne shawara ta kama jaririn aka koma da shi asibiti, wasiƙa ta shige cikin kwandon kayan barka, tsakanin sabulai da rigunan jarirai. Saboda rashin lafiyar yaron, Inna ta zarce har wata uku. Ba wanda ya san komai sai ranar da Malam Bashir ya je karɓo mata magani aka ce masa katin ya mutu.

Ban taɓa yin aiki irin na watannin nan ba. Na tara takardar limamin masallacinsu, da ta maƙwabta, da ta likita, duk suna shaida a Laurel take. Na aika ta faks, na kai da hannu, na cika shafi goma sha ɗaya na littafina da sunayen waɗanda na yi magana da su. Katin asibiti ya dawo bayan mun sake nema daga farko. Amma wa'adin ƙara ya wuce, kuma layi ba ya ajiye wa kowa wuri. Wani ma'aikaci ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yarda da duk abin da na faɗa, amma ba shi da ikon mayar da ita inda take. Sunanta ya koma can ƙasa. Na buɗe shuɗin fayil ko Virginia za ta karɓe ta, tunda an ce can take, sai ga maganar aikin shekara goma. Na duba batun zama 'yar ƙasa, na ga tsohuwar da ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, neman a yafe mata jarrabawa ma wata doguwar tafiya ce. Na rufe fayil ɗin duka na zauna ina kallon bango.

Kafin shekara ta ƙare ciwon shanyewar jikin ya sake bugun Inna. Wannan karon ƙafa ta tafi gaba ɗaya, magana ta yi nauyi. A asibiti a Largo suka ce ba za a sallame ta zuwa gida ba sai da mai kula dare da rana. Maryam kuwa likita ya riga ya hana ta ɗaga abu mai nauyi. Akwai ƙofa ɗaya da ta rage, wadda na sani tun tuni ban taɓa son faɗa ba: wanda ke kwance a gidan tsofaffi ba ya bin wancan layin. In ya ɗan jima a ciki, yana iya neman a mayar da shi gida da mai kula.

A cikin motarsa na faɗa wa Malam Bashir, da azahar, a filin ajiye motoci na asibitin. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Hajiya, shekara tara muna gudun gidan nan. Yanzu ki ce mini shi ne hanya?"

Na ce, "Shi ne, Malam. Ba ni da wata."

"Me zan ce wa mutanen gida? Na kawo ta Amurka na kai ta ajiya?"

Na ce wata uku ne ko huɗu, in Allah ya so. Ya kifa kansa a sitiyari. Wallahi ranar na ji kunyar jakata da duk abin da ke cikinta.

Ranar da aka kai ta gidan tsofaffin, sai ga tambayar wakili ta sake zuwa a takardun shiga. Na ce wa ma'aikacin ya ba ni minti ɗaya. Na tsaya inda Inna za ta gan ni, na nuna Malam Bashir da hannu, na ce, "Inna, ba sai kin ce komai ba. In kin yarda wannan ya tsaya miki, ki ɗaga kai." Ta ɗaga kai. Ma'aikacin ya ce ya gani, ya rubuta. Abin bai ɗauki minti ɗayan ba ma. Dabarar da ta gagare ni ke nan shekara biyar baya, kuma tun daga ranar ita nake yi wa kowace tsohuwa.

Gidan ba mugun wuri ba ne, kada in yi ƙarya. Akwai tsabta, mun roƙa mata su daina turo namiji wajen wanka suka daina, Maryam na kawo tuwo mai laushi a kula, na manna takarda a bango mai nuna alƙibla. Amma Inna ta daina ci sosai. Ta daina tambayar jikanta. In na shiga sai ta ce, "Mai takardu, yaushe?" In ce saura kaɗan. Na cika fom ɗin komawa gida ranar da ta cancanta, ban ƙara ko yini ɗaya ba, aka ce a jira nas, nas ta zo ta ce a jira amincewa.

Wata safiya wata ma'aikaciyar wurin, 'yar Saliyo, ta tare ni a baranda ta ce, "Wai wane ne Bashir?" Na ce ɗanta ne, wanda ke zuwa kullum da la'asar. Ta yi mamaki. Ta ce tsohuwar nan wuni take tana kiran sunan, in ana yi mata wanka, in an juya ta, in ta farka. Amma da mutumin ya shigo sai ta yi shiru ta juya fuska bango, har suna zaton ba ta son ganinsa.

Inna Dije ta rasu a gidan, a wata na huɗu, ranar Talata da hantsi, ba kowa nata a kusa. Muka yi mata sutura, aka binne ta a maƙabartar Musulmi a Maryland. Bayan kwana goma sha biyu wasiƙa ta zo, wannan karon ƙofar Laurel, da sunan Malam Bashir a kai. An amince. Za a turo mai kula.

Shi ya kawo mini ita da kansa. Ya zauna a falona ya ajiye ta a kan tebur, na karanta. Na roƙe shi gafara a kan ranar farko a ofis, ya ce ba laifina ba ne, ni kuwa na san inda laifina yake. Har ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hular nan.

"Hajiya, Maryam ta ce kin ce wai a can tana kiran sunana."

Na ce haka ma'aikaciyar ta faɗa mini.

"Ke kin ji da kunnenki?"

Na ce sau ɗaya, ina bayan labule.

Ya ce, "Yaya take faɗarsa?"

Na buɗe baki, na kasa. Ya jira kaɗan, ya sa hularsa, ya ce a gaida yara.